Yadda Malam Nomau Ya Rufe Bakin Kofur

Bayan gaisuwa ga masu saurare, wannan shi ne labarin waƙi'ar da ta auku a kasuwar hatsi ta Malumfashi, a hannun gwarzo ɗan gwarzo, Malam Nomau ɗan Jatau ɗan Korau Mai Sanda, jikan wanda aka ce ya taɓa korar kura da takalmi ƙafa ɗaya, ma'abocin rumfa ta uku daga bakin ƙofa, dodon tiya da mudu, wanda ya shekara arba'in yana awon dawa ba a taɓa ganin hannunsa ya yi rawa ba, sai fa in an ce masa ga allura.

Asalin fitinar hawan jini ne. 'Yarsa Saratu, ma'aikaciyar jinya a Kaduna, ta zo masa da wata 'yar na'ura mai faɗin murfin kwalba, ta ɗaura masa a damtse. A ƙarƙashinta akwai ɗan koren ido da ke manne da fata, yana ƙirga bugun zuciya da hawan jini, yana aika rahoto zuwa wayar Saratu, in jini ya hau kuma na'urar ta yi ƙara. In ta gaji a yi mata caji a mayar. Sannan aka ƙulla mu'ahada a gaban shaidu: kwana bakwai. In rahoto bai ɓaci ba, Malam ya ci gaba da zama a gidansa da rumfarsa. In ya ɓaci, ya tattara ya koma Kaduna, bene hawa na uku, inda babu majalisa, babu kasuwa, babu mai gaishe ka sai fanka.

Da za ta shiga mota ta ce, "Baba, kar ka cire. Ita ce za ta tsare ka."

Ba a yi azahar ba abokiyar gaba ta bayyana halinta. Malam ya kai tsinken tsire na huɗu baki ke nan, sai damtsensa ya ce ƙiii, ƙiii, a gaban dattawan majalisa, mutanen da ba su taɓa jin ko tarinsa ba sai da izininsa. Wani ya ce, "Malam, Kofur na kira." Shi ke nan suna ya zauna.

Sadauki ya sunkuyar da kai ya shiga tadabburi mai zurfi, irin wanda manyan sarakunan yaƙi kan shiga kafin su ɗaga tuta, har hikima ta sauko masa. Yarinyar nan ta ce abin zai tsare shi. To, abin tsari ke nan. Tun zamanin Korau Mai Sanda kuwa, wa ya taɓa ganin kambu a damtsen namiji ba a ɗinke shi cikin fata ba? Ashe kukan da Kofur ke yi na tsiraici ne. 'Yan boko sun ƙera abu mai ƙarfi, sun manta da yi masa sutura.

Washegari da hantsi ya ɗaura ɗamara, ya karkata hula, ya yi azama zuwa layin dukawa. Ya keta rundunar 'yan tumatir ba tare da ya taka ko ɗaya ba, in ban da biyu. Ya ratsa sansanin 'yan kaji, inda wani zakara ya yi masa kallon raini, ya bar shi da Allah. Ya yi arangama da mai baro ɗauke da buhun gero, suka tsaya ido da ido, ƙasa ta yi tsit, har mai baro ya ce, "Baba, a ba ni hanya mana," shi kuwa, saboda rangwamen da ke ga manya, ya ba shi.

A ƙarshen layi ya tarar da Cindo baduku, tsohon abokinsa, yana lasar zare. Cindo ya jujjuya na'urar a tafin hannu.

"Wane malamin ya ba ka wannan?"

"Na Kaduna ne. Ninki uku za ka yi mata, jar fata a waje."

"Wannan koren idon fa?"

"Shi za ka fara rufewa. Kai ma ka san ba a barin ido a waje."

Basilla ta shiga, basilla ta fita. Kafin la'asar Kofur ta shige kurkukun fatar akuya, da tuntaye biyu suna lilo. Malam ya mayar da ita damtse, ya koma majalisa cikin izza, ya aika a kawo balangu, ya barbaɗe shi da yaji da gishiri har nama ya ɓace, ya ɗaga hannu sama ya yi kururuwar fatahi: "Ina Kofur? Yi magana in kin isa!"

Kofur ba ta ce uffan ba. Majalisa ta ɗauki kirari: "Na Saratu, mai sa ƙarfe ladabi! Toron giwa, likita ya gan ka ya canja hanya!"

Da yamma waya ta yi ƙara. "Baba, ka cire ne?"

"Wallahi tana damtsena."

Gaskiya ya rantse a kanta. Saratu ta ɗora laifi a kan sabis. Kwana uku daular Nomau tana cikin zaman lafiya da wadatar kilishi.

A rana ta huɗu mota ta tsaya a bakin rumfa, Malam na riƙe da tsoka.

"Baba, naɗe hannun rigarka."

Ya naɗe. Saratu ta dubi jar fata, ta dubi tuntaye.

"Ke kika ce za ta tsare ni," in ji shi.

"Baba, a wayata kwana uku ke nan ba ka da zuciya."

Ta ciro reza daga jaka ta farke aikin Cindo. Koren ido na taɓa fata, Kofur ta ƙwala ihun da ta tara na kwana uku, har 'yan kaji suka leƙo.

Nan ne gwarzo ya jefa mashinsa na ƙarshe. Ya ce mu'ahada ta ce sai in rahoto ya ɓaci zai koma Kaduna, rahoton da bai zo ba kuwa ta yaya zai ɓaci? Dattawa suka gyaɗa kai. Saratu ta ce ta yarda, ba za a je Kaduna ba tukuna. Za a sake ƙirga bakwai daga yau, ta kuma ɗauki hutu, ita za ta riƙa yin girki.

Da haka aka ga jikan mai korar kura zaune a kan tabarma, gaban miyar kuka ba gishiri ba kanwa, yana haɗiya a hankali don kada a ji shi a damtse. Kumbon fatar kuwa Saratu ta ce ɗinkin ya yi kyau, ta zuba makullan mota a ciki.