Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Aljani a Kangon Gafasa

Kai da manajan gidan talabijin ya ce ko ka kawo masa aljani a shirinka na farautar iskokai, ko ya ba masu shirin takin zamani filinka, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki, na ɗaukar maka alkawari sai ka ga abin da ba ka zata ba.

1. Nemi kango

Kada ka wahalar da kanka a cikin Gaya, duk kangon da ka samu an riga an zuba awaki. Hau babur ka nufi Gafasa, garin mahaifinka, inda akwai wanda aka ce ana jin daka a cikinsa alhali babu mai dakan. Fara gaishe da mai unguwa. Zai ce shi bai taɓa jin komai ba, amma shi ma ba ya bi ta wajen.

2. Tafi da rana tsaka

Masana sun ce aljani ya fi fitowa bayan magariba. Rabu da masana. Muhsina mai gabatar da shirin, babanta ya ce la'asar ta yi mata a gida, kuma ya fi kowane aljani saurin fushi.

3. Saurari abin da kuka naɗa

Za ka ji wani gunguni ƙasa-ƙasa, tsigar jikinka ta tashi. Kada ka yi saurin murna, Hadi ne mai kyamara. Tun daga zaure yake jan Ayatul Kursiyyu bai tsaya ba. Muhsina na ta tofi hagu da dama, kai kanka da bisimilla ka sa ƙafa. To, fisabilillahi, wane aljani ne zai tsaya a ɗauke shi hoto a haka? Kun zo nemansa, kun kore shi tun daga ƙofa.

4. Samo mai shiga babu addu'a

Tambayi wa zai shiga. Hadi zai ce yana da iyali. Muhsina za ta ce ba ta ji tambayar ba. Saura kai, shugaba. Buga ƙirji ka ce gobe kai kaɗai za ka shiga, bakinka gum. Ɗaga murya sosai, don ƙwararre ba ya jarumta a ɓoye. Manta cewa katangar Gwaggo Indo, yayar babanka, a jikin kangon take.

5. Dawo washegari

Za ka iso ka tarar an share kangon tas, an yayyafa rubutu kowane lungu, malamai sun baza tabarma suna karatu. Gwaggo na tsaye da kaskon turare, hayaƙi ya turnuƙe.

"Gwaggo, aikina fa za ki raba ni da shi."

"Aiki ana samun wani. Kai in aka taɓa ka, ina zan samo wani? Shiga yanzu ka ɗauki duk hoton da kake so."

Shiga. Za ka ji haushi, za ka kuma ji wani sanyi a ranka, wannan kada ka faɗa wa kowa. Ɗauki malaman, ɗauki Gwaggo, ka ci tuwonta kafin ka hau babur. Ranar da aka sa shirin taki a filinka, zauna ka kalla, damina na tafe.

Gargaɗi: babu ruwan mai wannan rubutu da korarka daga aiki, ko da duk wanda ya biyo ka gida. In kuwa aljanin ya fito, kada ka kuskura ka ambaci sunana, ni ban aike ka ba.