Ranar da Na Saka Surukina a Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da bikin yayan Balkisu a Argungu ba, ko da kuwa duk waɗanda suka halarta za su yi mini alkawarin sun manta (ba su manta ba, na bincika).

A lokacin kwamfuta ba ta yawaita a Birnin Kebbi ba, ni kuwa ina da wata tsohuwa a ɗakina a Gwadangaji, ina ji da ita kamar ni na ƙera ta. Ina neman auren Balkisu, mahaifinta Alhaji Bawa kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Manomin shinkafa ne mai kwarjini, yana da wani ɗan tari da yake yi kafin kowace magana. In na durƙusa gaishe shi, harshena sai ya ƙi motsi.

Sai ga dama ta samu. Alhaji yana da wani tsohon kaset na waƙar da wani makaɗi ya yi wa marigayi mahaifinsa, shahararren masunci. Kaset ɗin ya fara cin zare. Na aika ta bakin Balkisu cewa zan ceto waƙar, in kuma saka ta ranar biki kowa ya ji. Na ƙudura a raina da wannan waƙar zan shiga gidan.

Na kwashe waƙar zuwa cikin kwamfuta, na haɗa da kiɗe-kiɗen biki masu yawa. Duk abin da na ɗauka, na'urar lamba kawai take ba shi, don haka na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya a manhajar jin waƙa, ina rubuta suna da mawaƙi. Abin da ban sani ba shi ne, manhajar a nata rumbun take adana sunayen, ba ta rubuta su a jikin fayil sai ka umarce ta. Wato na yi ta rubuta sunan mai kaya a bangon sito, buhunan kuwa ba ko alama. Na kwashe komai a faifai, na hau mota ina ta hura hanci.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gida, dattawa a kan tabarmi, mata a cikin gida suna ji ta katanga. Na saka faifan a kwamfutar masu hayar lasifika. Babu suna ko ɗaya, lambobi ne zalla a jere. Amma na dake. Na ce a raina ai ni na jera su, na san wajen da take. (Mai hankali zai rage murya ya fara saurara shi kaɗai. Ni ina sauri a ga gwaninta.) Na danna.

Sai muryata ta cika unguwa: "Baba, ina wuni? Na zo ne kan maganar Balkisu."

Kun gane, saboda tsoron Alhaji, nakan kunna makirufo a ɗaki in gwada yadda zan yi masa magana. A kwamfutata na sa wa wannan fayil suna da manyan baƙaƙe, kada a taɓa. Sunan yana can Gwadangaji yana jirana. Kuma ban tsaya a nawa ɓangaren ba, har amsar Alhaji nake bayarwa. Kafin in lalubo maɓallin kashewa, lasifika ta yi ɗan tarin nan, sak irin nasa, sannan ta ce da kakkaurar murya: "Wanga yaro, ka cika ɗan kirki. Na ba ka ɗiyata, har da gonar hwadama."

Daga cikin gida wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, dariya ta ɓarke. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata, har kunnuwana suna zafi. Ango, yayan Balkisu, ya matso ya raɗa mini, "Tashi ka tahi ta baya, ni ka ba su haƙuri."

Ban tashi ba. Na riga na zubar da mutuncina, ban ga dalilin da zai sa in bar waƙar ma ta bi shi ba. Na cire wayar lasifika, na kanga kunne a jikin kwamfuta, na dinga bin lambobin nan gumi na ɗiga a gemuna, mutane na ta dariyarsu. Da na ji kalangun farko, na mayar da waya.

Muryar makaɗin ta fito tas, ya kira sunan marigayi. Dariya ta mutu. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana goge ido da bakin rawaninsa. Da ta ƙare ya yafuto ni, na je na durƙusa ina kallon ƙasa.

Ya yi tarin (na gaske wannan karon) ya ce, "Waƙa ta yi, Allah shi yi maka albarka. Ka turo manyanka, su ka wagga magana, ba kai ba." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ka hwaɗa ma wancan Alhajin na cikin inji, gona tawa ce, shi ba da tashi."

An ba ni Balkisu, gona kuwa ko kuyya ɗaya ta shuka ban gani ba. Tun daga ranar, duk waƙar da na sa wa suna sai na tabbatar ya shiga jikin fayil, sannan in gwada ta a wata na'urar. In kuma zan kwaikwayi surukina, a zuci nake yi, don har yau in na yi tari a gabansa sai ya ce, "To, mi za a ba da yau?"