Rasuwar Inna Raba-Daidai, Wadda Ba Ta San Manya Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da shago mai cike da ƙaurin ƙonanniyar waya, Malam Naziru mai ɗaukar bidiyon biki da suna a garin Gummi yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gummi da Anka da Bukkuyum rasuwar babbar kwamfutar shagonsa, wadda kowa ya sani da Inna Raba-Daidai. Ta cika ranar Talata da rana tsaka, cikin zafin watan Afrilun bana, 2018, tana bakin aiki. An tambayi liman ko ya halatta a ce Allah Ya jiƙanta, ya ce kada a soma. Don haka abin da ake roƙo shi ne Allah Ya ba Naziru haƙuri, domin wallahi yana bukatarsa.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ba ita ke ɗaukar hoto ba, ba kuma ita ke tace shi ba. Aikinta rabo. Idan an gama tace bidiyon biki, sai kwamfuta ta zauna ta haɗa shi hoto bayan hoto kafin ya hau faifai, abin da su Naziru ke kira dafuwa. A da, kwamfuta ɗaya ke wannan dafuwa, kuma takan ɗauki lokacin da amarya za ta tare, ta saba da dangin miji, har a fara yi mata tsiyar ta yi ƙiba, faifan bai fito ba. Mutane suka fara kai aikinsu Gusau. Naziru ya rame.

A shekarar 2013 ne Malam Theophilus, malamin kimiyya ɗan Zuru da ke koyarwa a nan Gummi, ya leƙo shagon ya tarar da Naziru ya buga tagumi gaban allo. Shi ya ba shi shawarar ya tattaro tsofaffin kwamfutoci ya haɗa su da waya, a naɗa ɗaya ta zama babba, ita ce za ta riƙa yanka aikin gunduwa-gunduwa tana miƙa wa kowace daidai ƙarfinta, kamar yadda ake raba kunyoyi ranar gayya a fadama. Naziru ya hau babur ya zaga Anka da Bukkuyum yana sayen kwamfutocin shagunan da suka rufe. Theophilus ya yi hutun makaranta guda yana ɗaura wayoyi, yana zuba mata manhajar rabon aiki, yana gumi, yana rantsuwa cikin yarensu. Ranar da ta fara numfashi ta yi “fiiit” sau ɗaya, fankarta ta ɗauki “wuuu”, ƙananan suka amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Naziru ya yanka zakara.

Ba a bar ta haka ba, sai da aka gwada ta. An ba kwamfuta ɗaya bidiyon wani suna, ta wuni ta kwana ba ta gama ba. Aka ba Inna shi da azahar, kafin a kira la'asar ta haɗa kan 'ya'yanta sun sauke. Theophilus bai gamsu ba, mutum ne mai taurin kai. Aka ba ta bidiyon wani biki, ana tsakiyar aiki ya fizge wayar wutar ɗaya daga cikin ƙananan, ya harɗe hannu yana jira ya ga abin kunya. Inna ta kira ta ji shiru, ta ɗan jira, ta sake kira, sannan ta ɗauke kason ta raba wa sauran ba tare da ta yi wa kowa ƙorafi ba. Faifan ya fito lafiya lau, ko tarin ango bai ɓace ba.

Sai maganar tsaro. Kowane ma'aikacin shagon an ba shi ƙaramin mabuɗinsa, wanda zai iya jefa aiki a layi amma ba zai iya taɓa na wani ba. Babban mabuɗi, kalmar sirrin da ke iya juya komai, Naziru kaɗai ke da shi. Theophilus ya ce bari ya gwada shiga kamar ɓarawo. Ya zauna, ya dubi Naziru sama da ƙasa, ya ga angon da bai gama wanke lalle ba, ya rubuta Rufaida. Ƙofa ta buɗe. Kai, ranar an sha dariya har mai shayin ƙofar shago ya shigo tambaya. Aka canza kalmar zuwa wata doguwa mai lambobi, wadda Naziru ya haddace kamar karatun allo. Rufaida, matarsa, da ta ji an cire sunanta daga kwamfuta an sa lambobi, sai da aka yi mako ana cin tuwo ba man shanu.

Kafin a yi wa Theophilus canjin wurin aiki, ya bar wasiyya guda biyu. Ya ce, “Naziru, ita babbar kada ka taɓa ɗora mata kaya, aikinta ta raba. Kuma layin nan kada ka sa hannu cikinsa. Ranar da ka tsallake da mutum ɗaya, ka tsallake da garin nan duka.”

A nan ne halin marigayiyar ya fito, halin da ya sa aka ba ta sunanta. Inna ba ta san alfarma ba. Wanda ya fara kawo aiki shi ke fara samu. Ba ta san kansila ba, ba ta san mai unguwa ba, ba ta san wadda ta yanke wa Naziru cibiya ba. Wanda ya yi arzikin zinariya a Bagega ya zo da sabuwar mota, ta ajiye shi bayan mai sayar da kifin bakin gulbi, kuma ko fankarta ba ta canza murya ba.

Naziru kuwa, Allah Ya yi shi mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Idan babba ya dube shi, gwiwarsa ke fara amsawa kafin bakinsa. A garin da kowa kawun kowa ne, mai irin wannan hali ba ya riƙe shago. Inna ce ta riƙe masa. Duk wanda ya zo da “ka san dai ni da babanka”, sai Naziru ya durƙusa, ya nuna ta da hannu biyu, ya ce, “Wallahi Kawu da ni ne da tuni an gama. Na'ura ce, ba ta jin magana.” Kawu ya zagi na'ura, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya tafi yana sa wa Naziru albarka. Shekara biyar tana shan zagin da ba nata ba, amsarta ɗaya ce, “ƙirrr”, ta ci gaba da rabo. Mutanen ƙauye suka gane cewa a shagon nan talaka ba ya kwana a layi don wani ya fi shi riga, suka riƙa zuwa daga nesa. Abin da Naziru ke ci ke nan har yau.

Ciwon ajali ya zo mata ne ta hannun Alhaji Labbo, mahaifin Rufaida, surukin Naziru. Alhaji ya dawo daga Umara aka yi walima, Naziru ya ɗauka da kansa. Bidiyo ne mai tsawon gaske, kuma yawancinsa Alhaji ne zaune kan darduma mutane na zuwa suna durƙusawa. Yana son faifan kafin ranar kasuwa, don baƙinsa na Bukkuyum su gani. Ya aiko, aka ce na'ura. Ya sake aikowa, aka ce na'ura. Ranar Talata sai ga shi da kansa.

Jama'a, kowa ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Naziru bai taɓa kallon idon Alhaji ba, bai taɓa cin abinci gabansa ba, ko a hanya ya hango shi sai ya sauka daga babur ya tura. Yau ga Alhaji cikin shago, an ba shi kujera, ya jingine sanda, ya dubi Inna ya ce, “Wagga ita ce na'urar da ba ta san manya ba?” Naziru yana tsugune, kai a ƙasa, ya buɗe baki zai kawo karatun da ya saba. Alhaji ya riga shi. “An ce mini akwai mabuɗi. An ce kai ka riƙe shi. To ni ba ni tahiya, ina nan zaune.” Wanda ya gaya masa zancen mabuɗi, ba a bincika ba, don binciken zai ƙare ne a cikin gidan Naziru.

A lokacin, aikin da ke kan wuta na wata tsohuwa ne, Dija, daga Nasarawa Burkullu. Bidiyon sunan jikanta ne, tana son ta aika wa ɗanta direba da ke Fatakwal, wanda bai ga jaririn ba tukuna. Ta sha hanyar nan ta burji a bayan babur, tana zaune a kan benci a waje tana jiran nata. Naziru ya san tana nan. Ya tashi ya buga doguwar kalmar, ya tsayar da na Dija, ya ɗauko na Alhaji daga can ƙasa ya kai sama. Kuma don Alhaji ya tashi da wuri ya samu ya numfasa, sai ya yi abu na biyu da aka hana shi: ya yanka kaso mafi girma ya ɗora wa Inna kanta.

Ba ta ƙi ba, ba ta taɓa ƙin mai mabuɗi ba. Ga zafin Afrilu, ga janareto na tari, ga kayan da ba ta taɓa ɗauka ba. Fankarta ta tashi daga “wuuu” ta koma “wiiii”. Ƙananan suka gama kasonsu suna kira a ba su wani, ba mai amsawa, don mai rabon ta shagala da dako. Can sai “ƙit, ƙit”, sai wani siririn hayaƙi, sai shiru. Allon ya tsaya cak a kan Alhaji ya buɗe baki zai jefa dabino, ya daɗe a haka kafin ya yi baƙi. Alhaji ya ɗauki sandarsa ya ce, “Dama na ga alamar ba ta da ƙwari,” ya fita.

Naziru bai yi kuka ba sai da ya fito ya gaya wa Dija. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta gyara mayafinta ta ce, “Ɗana, Allah Ya mayar maka da alheri. Ita dai ba ta taɓa ƙetare ni ba.” A nan ne ya zauna a ƙasa gaban mutane ya yi mai isarsa. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kuma har yanzu ba ta sake shi ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu. Akwai Dogo, ɗan Anka, mai ƙarfi amma mai saurin zafi. Akwai Tagwaye na Bukkuyum, waɗanda ba sa aiki sai an kunna su tare. Akwai Auta, 'yar ƙaramar kwamfutar cinya mai fasasshen allo. Dukansu lafiyarsu ƙalau, amma tun ranar Talata suna zaune fitila na ƙiftawa, ba wanda ya san abin da zai yi, don ba mai gaya masa. Ta kuma bar Rumbu, ma'ajiyar hotuna, wanda Allah Ya tsare, bikin kowa na nan ba abin da ya ɓata. Sai janareto, wanda ake zargi da hannu a lamarin amma ya ƙi cewa komai. An ɗora wa Dogo aikin Dija shi kaɗai, yana ja a hankali, kuma Naziru ya ce da kansa zai kai mata har gida.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da hantsi daga ƙofar shago, a bayan babur, a naɗe cikin buhun shinkafa, zuwa wurin masu gyara a Gusau, inda za a cire abin da zai amfani masu rai, a sallama sauran ga 'yan gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a shago. Wanda zai zo, ya zo da addu'a, kada ya zo da katin waya cike da hotunan biki.

Daga ƙarshe, iyalan marigayiyar suna miƙa godiya ta musamman ga Alhaji Labbo, wanda ya aiko da goro da saƙon cewa zai sayi sabuwa dal, wadda ta fi wannan girma, da sharaɗin a koya mata sanin manya. Naziru ya juya zancen nan har abinci ya fita ransa. Yana son sabuwar kamar ransa, shagon ba zai tashi ba sai da ita. Amma ya ce a rubuta, tunda bakinsa ba zai iya faɗa a gaban surukinsa ba, cewa ya gode, Allah Ya ƙara arziki, ba zai karɓa ba. Zai lallaɓa ya naɗa ɗaya daga cikin marayun, kuma duk wadda ta gaji Inna layi za ta bi. Faifan walima yana nan a inda yake tun farko, bayan na Dija da na wasu mutum shida, kuma wannan karon ba na'ura ce ta ce ba, Naziru ne.

Ana roƙon wanda zai karanta wa Alhaji wannan sanarwa ya dakata sai babur ɗin gawa ya fita gari. Naziru zai raka ta har Gusau, kuma bai sa ranar dawowa ba.