Takardar Tuhumar da Injiniya Ndanusa Ya Ba Kwamfuta

Duk wanda ya ce Minna ba ta da masana, to bai taɓa gaisawa da Injiniya Ndanusa ba. Injiniya ne fa na gaske, don da bakinsa ya faɗa. Kwas ɗin sati biyu ya yi a wani shago a Bosso, amma satifiket ɗin ya fi tagar ofishinsa faɗi. Shi ne Darakta Janar na Sashen Kwamfuta a wata makarantar kuɗi da ke hanyar Maikunkele, sashe mai kwamfuta ɗaya da ma'aikaciya ɗaya, Madam Felicia mai buga takardu. A bayan idonsa, Sarkin Danne-danne malamai ke ce masa.

Sati uku Felicia ta yi tana shigar da sakamakon jarrabawar yara ɗari uku. Ranar Juma'a iyaye za su zo karɓa, kuma mai makarantar, Hajiya Kubura, ta rantse in babu sakamako, Felicia ta nemi wani aikin.

Ranar Litinin sai manhajar da ke gadin kwamfutar daga 'yan leƙen asiri ta fito da gargaɗi: ga wata baƙuwar manhaja da ba ta sani ba, a bar ta ko a kore ta?

Injiniya ya miƙe, ya gyara hula. "Dama na sani! Ƙasashen waje sun gano ni. Mutum irina ba ya ɓoyuwa."

Felicia ta ce, "Oga, mu karanta sunanta mana, kamar ta firinta ce. Ko mu kira Christopher mai gyara."

"Madam, ina ruwan biri da gada? Baƙon da bai yi sallama ba, ɓarawo ne."

Nan take ya rubuta wa baƙuwar takardar tuhuma: 'yar gidan wa ce, wa ya aiko ta, me ya sa ba ta bi ta ofishin Darakta ba. Ya manna a fuskar kwamfutar da salatif, ya ba ta awa ashirin da huɗu, ya ajiye mata maigadi da gora. Kashegari shiru. Raini ke nan! Ya danna kora. Tun daga lokacin firinta ta ɗauki azumin magana.

Ranar Laraba wani baƙon ya iso, shi kuwa da ladabinsa. Wasiƙa ce ta imel: Mai Girma Farfesa Ndanusa, an zaɓe ka Gwarzon Fasahar Afirka, danna nan. Manhajar gadi ta yi ja, ta yi ƙara har sau uku.

"Hassada!" in ji Injiniya. "Wannan ɗan gidan mutunci ne, ya iya gaisuwa." Ya danna, ya buɗe masa ƙofa, sannan ya sallami manhajar gadin saboda cin fuskar baƙo.

Wayyo, kafin azahar ɗin Alhamis kwamfuta ta zama kango. Babu suna, babu maki, har hotunan Injiniya ɗari huɗu baƙon kirki ya yi awon gaba da su. Felicia dai ba ta yi kuka ba. Tun ranar da ta ga mutum yana manna wa kwamfuta takardar tuhuma ta kwafe aikinta a filas, 'yar na'urar nan ta ajiye bayanai, ta ƙulle a haɓar zani. Ta hau keke zuwa Bosso ta bugo sakamakon tsaf.

Da safiyar Juma'a Christopher ya wanke kwamfutar, ya mayar da manhajar gadi, ya canza lambar sirri, wadda a da sunan Injiniya ce. Sai ga Injiniya cikin babbar riga, ya tara iyaye a ofis don ya nuna musu yadda ya fatattaki 'yan leƙen asirin duniya shi kaɗai. Ya zauna, ya buga sunansa da ƙarfi. Kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Ya ƙara da Injiniya, ta ƙi. Ya gwada Farfesa, ta sake ƙi.

Hajiya Kubura ta dubi Felicia. "Madam, wannan da ba a san shi ba, a bar shi ko a kore shi?"

Felicia ta jawo salatif daga durowa. "Hajiya, a ba shi awa ashirin da huɗu."