Yadda Ake Cin Moriyar Batirin Motar Yawo a Garin da Ba a Ɗauke Wuta

Ka samu batirin litiyam na motar yawo, irin motar nan mai gado da kicin a ciki da Turawa ke shiga daji da ita su kwana, alhali ba ka da motar, ba ka kuma da niyyar shiga dajin? Kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun masana. Matakan nan duk an gwada su a kan mutum mai rai, Malam Ɗanasabe, direban tasi da ke zaune a University Heights cikin Bronx. Ina ba ka tabbaci, in ka bi su sau da ƙafa, batirinka zai yi amfanin da ko wanda ya ƙera shi bai hango ba.

Mataki na ɗaya: Karɓa tukuna, tunani daga baya

Kada ka tsaya tambayar me za ka yi da shi. Masu irin wannan tambayar su ne ke mutuwa ba su tara komai ba.

Dubi Ɗanasabe. Wata rana ya ɗauko wani dattijon Bature daga filin jirgin JFK zuwa gidansa, ya taya shi shigar da akwatuna. A gareji ya hango batirin a ajiye, da cajarsa, da inbatar da ke mai da wutarsa irin ta gida. Dattijon ya ce ya sayar da motar yawon, wannan na ko-ta-kwana ne ya rage, in yana so ya ɗauka. Mutumin da ya tashi a Fagge, ya yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai, ya sha zuwa ɗaurin aure da riga a yamutse saboda an ɗauke wuta ana tsakiyar guga, shi za a tambaya ko yana son batir? Ai tsuntsu ne daga sama gasasshe. Kafin dattijon ya rufe baki, batir ya shiga but ɗin tasi.

Mataki na biyu: Zaɓa masa mazauni mai daraja

Abu mai muhimmanci ba a cusa shi ƙarƙashin gado. Nemi inda kowa zai gan shi. In gidanka irin na Bronx ne, wanda in ka miƙe hannu biyu za ka taɓa bango da bango, to lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki ya fi dacewa, domin nan ne babu wanda zai wuce bai gaisa da shi ba.

Wadda ta fara gaisawa da na Ɗanasabe ita ce matarsa Fanna, da babban yatsan ƙafarta. Aikin kula da tsofaffi take yi, ta yini tana ɗaga wannan tana kwantar da wancan, ta dawo gida ba ta ganin gabanta don gajiya.

"Malam, wannan akwatin kuma na mene ne?" ta tambaya, tana riƙe da ƙafa.

"Na ranar da za a ɗauke wuta ne."

"Tun da muka zo ƙasar nan ka taɓa ganin an ɗauke mana?"

"To ai shi ya sa," in ji shi. "Ta daɗe tana taruwa."

Haddace wannan amsar. Ba ta da ma'ana, amma ba ta da makama, kuma za ta saya maka makonni.

Mataki na uku: Gwada tura shi gida

Duk ɗan ƙasarmu da ke waje ya san cewa abin da ya rasa amfani a nan, saƙo ne. Ka ji wani zai tafi gida, sai ka bayyana a ƙofarsa da murmushi ka ce, "Ɗan abu ne kaɗan."

Ɗanasabe ya yi niyyar haka, sai abokin aikinsa Sumani, mutumin zangon Kumasi, ya tare shi. "Massa, wannan kaya ba shi shiga jirgi. Ko ka nannaɗe shi cikin zani goma, za su fidda shi, su fidda mai kaya ma." Ɗanasabe ya ji haushi a fuska, amma can cikin ransa daɗi ya ji. Dama ba ya son rabuwa da shi.

Mataki na huɗu: In babu aiki, ƙirƙiro masa

A filin da direbobi ke jiran layi a JFK, kowace mota tana da wurin cajin waya. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Buɗe but, jona inbata, ka yi shela. Ɗan Adam ba ya ƙin kyauta ko da yana da irinta a aljihu.

Ɗanasabe ya fara da wayoyi, ya ƙara da ƙaramar butar shayi mai aiki da lantarki. Nan da nan bayan motarsa ya zama majalisa. 'Yan Ghana na gefe suna musun ƙwallo, mutanen Nijar suna gyara masa haɗin shayi, aka laƙaba masa Mai Nepa, shi kuwa har wani gyara hula yake in an kira. Layinsa kan zo ya ce na baya ya wuce, shayi bai tafasa ba. Da can yakan koma gida Fanna na shirin kwanciya. Yanzu sai ya tarar da abinci a rufe, ita kuma ta yi barci.

Wata hikima a gefe: kada ka damu da yi wa batirin caji. A gida, yaushe ake caji? Sai an ji yara sun kaure da ihun "An kawo wuta!" sannan kowa ya zabura ya nemi soket. To a nan wa ya taɓa jin wannan ihun? Wutar da ba ta zuwa ba ta tafiya, gaggawar me ake yi mata? Kullum Ɗanasabe ya dubi cajar sai ya ce gobe.

Mataki na biyar: In an ce ka zaɓa, nemi lokacin tunani

Ranar na zuwa, domin yatsa ba ya mantuwa. Wata safiya Fanna ta fito da sauri za ta kama jirgin ƙasa, ta sake yin karo da shi, wannan karon har farce ya fita. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa ta ɗaure yatsan, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ko ni ko akwatin nan. Ɗaya zai bar gidan nan."

A nan ne ake gane gwani. Talakan miji zai ce "ke mana" tun kafin ta ƙarasa. Gwani kuwa yakan shafa gemu, ya dubi batir, ya dubi matarsa, ya ce, "To, bari mu duba." Haka Ɗanasabe ya yi. Shi a ransa inda zai mayar da batirin yake lissafi, amma wa ya ga ransa? Shirun kawai aka gani. Da ya dawo aiki ya tarar babu Fanna, babu jakarta. Ta yi yaji, ta tafi gidan yayanta Lado a unguwar Flatbush, can ƙetaren gada.

Zan ɗan sauke rawanin masana a nan in faɗi gaskiya: Ɗanasabe ya shiga damuwa. Yana son matarsa, so na gaske, irin wanda bai iya faɗa ba. Gidan da yake kukan ya yi ƙunci sai ga shi ya yi masa faɗi. Ya kira waya ba ta ɗauka ba. Ya kira Yaya Lado, aka ce masa maganar ba ta waya ba ce, in yana son matarsa ya san hanyar Flatbush.

Mataki na shida: Je biko da hujjarka a kafaɗa

Sumani ya ba shi shawarar mutanen da: goro mai kyau, turmin atamfa, a durƙusa a ce a yi haƙuri, kada a ambaci batir ko da wasa. Ɗanasabe ya saya duka, ya sa ranar Lahadi.

Lahadin nan ta watan Yuli, shekarar 2019, zafi ake yi kamar a bakin murhu. Ya sa babbar riga yana ɗaura agogo ke nan, bayan la'asar, sai Sumani ya kira.

"Massa, ka ji labari? Wuta ya tafi a Flatbush. Unguwan surukanka duka."

Ɗanasabe ya tsaya cak. Sai murmushi ya kuɓuce masa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ranar da aka yi ta yi masa dariya a kanta, yau ga ta, kuma ba ta sauka ko'ina ba sai a kan gidan da Fanna take. Ya rungumi batir da inbata ya yi waje. Goro da atamfa suna kan tebur, sai da ya haye gada ya tuna da su, ya ce ba komai, wanda ya zo da iska me zai yi da goro?

Ka lura, in babu wuta babu liftar da ke kai mutane saman bene, kuma surukai ba sa zama a hawan ƙasa. Yaya Lado can sama yake. Ɗanasabe ya hau da batir a kafaɗa, babbar riga ta jiƙe sharkaf ta manne masa a baya, yana haki yana tsara jawabin da zai yi.

Mataki na bakwai: Kada ka kunna sai jama'a sun taru

Ya yi sallama ya tarar da falo cike. Yaya Lado na zaune da 'yar shara, matarsa da maƙwabta biyu kowa na fifita da abin da ya samu. Fanna na can gefe a kan darduma, yatsa a naɗe. Ta ga abin da ke kafaɗarsa, ta kau da kai.

Bayan gaisuwa Yaya Lado ya ce, "Ɗanasabe, biko ka zo ko gyaran wuta?"

"Duka biyun, Yaya. A kawo fanka."

Aka kawo fanka. Ya durƙusa ya jona wayoyi a tsanake, yadda kowa zai gani. Ya juya fuskar fankar saitin Fanna. Ya ce, "Yaya, dama na sha faɗa, rigakafi ya fi magani." Ya yi bisimilla ya danna.

Inbata ta yi ɗan ƙara. Fanka ta motsa, ta yi juyi guda cikin nauyin jiki, ta tsaya. Ya sake dannawa. Ya bubbuga batirin, ya hura wayar, ya sake dannawa. Ko motsin farkon bai samu ba.

"Yaushe rabonka da yi masa caji?" Yaya Lado ya tambaya.

Ɗanasabe ya buɗe baki, kuma don Allah ya yi shi mai gaskiya, abin da ke ransa ne ya fito: "Ai Yaya, jira nake a kawo wuta."

Falo ya fashe da dariya. Maƙwabciya ɗaya har da riƙe ciki tana salati. Yaya Lado ya yi dariya har ya share hawaye da gefen riga. Ɗanasabe na durƙushe, kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Bai zo da goro ba, bai zo da atamfa ba, ya zo biko da ainihin abin da ya kori matarsa, kuma abin ma fanko ne.

Mataki na takwas: Bar surukinka ya samo masa aiki

Ƙofofin gidajen nan da kansu suke rufewa, ga shi ana neman iska ta ratsa daga taga zuwa baranda. Yaya Lado ya miƙe, ya ja batirin da ƙafa, ya tokare ƙofa da shi. Iska ta ɗan shigo. "Alhamdulillahi," in ji shi, "ashe yana da amfani."

Ɗanasabe ya waiga. Ya ga faifai a kan kwano, ya ɗauka, ya matsa ya zauna a ƙasa kusa da dardumar Fanna, ya fara yi mata fifita. Ba ta dube shi ba, ba ta kuma matsa ba. Hannun dama ya gaji ya koma hagu. Maƙwabta suka tafi, Yaya Lado ya tuna yana da alwala, matarsa ta tuna da tukunya. Shi dai yana fifita, wayarsa na ta ƙara a aljihu, direbobi na neman Mai Nepa, bai ciro ta ba.

Can Fanna ta yi magana, a hankali, idonta a kan yatsanta.

"Malam, ka san rabon da ka zauna kusa da ni ka daɗe haka? Ni ba akwatin ne ya fi yi mini ciwo ba."

Faifan ya tsaya a hannunsa. Ya nemi abin faɗa, duk jawabin da ya tsara a matakala babu wanda ya dace. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Fanna." Ya ci gaba da fifita.

Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce, "Jakata na bayan ƙofar ɗaki. Shi kuwa bar shi a nan, ya samu aiki."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a ciwon baya, fitar farce, dariyar surukai ko goron da ya bushe a kan tebur. Duk wanda batirinsa ya yi aiki a mataki na bakwai, ya saɓa umarni, abin da ya biyo baya shi ya jiyo. Wanda kuma ya yi fifita har kafaɗa ta sage ba a ce ya ɗauko jaka ba, kada ya neme ni, ban san shi ba. Ya canza hannu ya ci gaba, kuma kada ya kuskura ya duba agogo.