Ai Na Faɗa wa Oga

Jama'a, yau da safe na ɓata minti ashirin gaban allon sanarwa na ɗakin ninkaya na jami'armu, ina neman lambar waya guda ɗaya tak. Sai da na ɗaga jadawalin wasannin ƙwallo, na ɗaga hoton Mai Girma Daraktan Wasanni rungume da kofi, sannan na same ta can ƙasa, rana ta cinye rabin rubutun. Lambar hukumar kare yara ce ta jiha.

Ni Delbert, shekarata goma sha tara ina wanke tafkin ninkayar nan. Duk hutun bazara jami'a kan karɓi yaran gari a koya musu iyo. Ranar Talata ina goge daɓe na ga kocinmu, gwarzon da ya kawo mana kofi uku, ya danna kan wata yarinya mai rawayar hula cikin ruwa, wai ta cika nawa. Ya riƙe ta har na ƙirga goma a zuci. Da ta ɗago sai amai da kuka. Shekarunta ba su wuce takwas ba.

To me jaruminku ya yi? Na ƙarasa goge daɓen tsaf, don ni mutum ne mai son aikinsa. Sannan na je na faɗa wa ogana. Ogana ya dafa kafaɗata ya ce na kyauta, zai faɗa wa Mataimakin Mai Girma. Mataimaki ya miƙa wa kwamiti. Kwamiti kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, zai zauna bayan wasan farko na kakar bana, wato nan da wata biyu. Na koma gida ƙirji a buɗe, har da ƙarin kaza a faranti.

Jiya da yamma na leƙa ta kan shinge ina ba maƙwabciyata labari, Madam Odessa, tsohuwar nas ɗin makarantar firamare. Yabo nake jira. Ta ajiye butar ban ruwan tumatir ta dube ni.

"Ka kira jiha?"

"Ai na faɗa wa oga, Madam."

"Ogan ne ya gani ko kai?"

"Ni ne, amma akwai tsari..."

"Tsarin gidanku! Delbert, ba kai ne ka rataye satifiket uku a falo ba? Na mene ne?"

Satifiket ɗin na darasin kai rahoton cin zarafin yara ne, wanda shekara uku ke nan ake sa mu yi a kwamfuta duk shekara. Sau uku ina cin ɗari bisa ɗari. Sirrin kuwa, hannun dama na danna "gaba", na hagu na riƙe da biredi, amsoshin kuma mai wankin rigunan 'yan wasa ne ke rarraba mana a takarda.

"Shafin farko na darasin," in ji ta, "cewa ya yi wanda ya gani da idonsa shi zai kira, nan take. Gobe ƙarfe nawa yarinyar za ta koma ruwan?"

"Goma."

"Shi kuma yana nan?"

Yana nan mana. Wa zai taɓa mai kofi uku? Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce tsoro nake ji. Saura shekara biyu in yi ritaya, kuma a garin nan ko mai aski rigar ƙungiyarmu yake sawa.

Yau da safe na buga lambar, kiran bai ci minti shida ba. Matar da ta ɗauka ta tambaye ni yaushe abin ya faru, na ce Talata. Sai ta ce, "Yau Juma'a." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin goma ma'aikatan jiha biyu sun iso, suka shige ofis da koci. Yarinyar ta zo da rawayar hularta, ta zauna bakin tafki, ta ƙi ko tsoma ƙafa. Laraba da Alhamis ta shiga ruwan nan a gabansa, ni ina gefe da tsumman goge-goge da satifiket uku. Kunya ta kama ni har na kasa kallonta.

Mai Girma kuwa bai yi ƙasa a gwiwa ba, dole a yaba masa. Kafin azahar ya aiko da sanarwa cewa jami'a na ɗaukar lafiyar yara da matuƙar muhimmanci, don haka duk ma'aikata za su sake darasin kwamfuta ranar Litinin. Mai wanki har ya fara raba takardar amsa. Na ce masa ya riƙe tawa, bana ɗari bisa ɗari ta ishe ni haka.