Kwaltar Layinmu Mai Ƙafa Huɗu

Jama'a, yau na wuni a ofishin masu titi riƙe da igiyar karya. In wani ya gaishe ni a hanya ban amsa ba ya yi haƙuri, numfashi ne ya ƙare. A ƙasa muka je, a ƙasa muka dawo. Babur ɗina yana layin mai tun shekaranjiya, na bar shi a bayan wata tasi da mai ita ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta har ya fara karɓar baƙi. Masu girma, Allah ya ƙara musu lafiya, sun ce mai ya wadata, har ya yi yawa. Na yarda. Wataƙila yawan ne ya toshe tiyo.

To me ya kai mai gyaran firji da fanka irina ofishin titi da karya? Suna ne. Sunan da na raɗa da bakina, ba wanda ya sa ni.

Wata biyar da suka wuce kajin maiɗakina suka fara ɓata ɗaya-ɗaya a bayan gida. Wani da na gyara wa firji ya ji ina ƙorafi, washegari sai ga shi da 'yar kwikwiya a kwali, baƙa wuluk, ko ɗigon fari babu. Maiɗakina ta leƙa kwalin ta ce, "Wannan ce za ta yi gadi? Ai zakarana ya fi ta girma." Amma Auta, 'yarmu mai shekara tara, tuni ta ɗauko tsohon kwano ta zuba ruwa. Daga ranar kaji suka daina ɓata, ni kuma na daina samun gaisuwar farko in Auta ta dawo makaranta.

Sai maganar suna. Na ɗauka abu ne na minti biyu, ashe sati zai ci. Auta ta ce Gimbiya. Uwarta ta ce ba za a kira wata gimbiya a gidan da ita take wanke-wanke ba. Na ce to ta kawo nata, ta ce, "Ke! ya isa. In na ce Ke! kowa a gidan nan yana juyowa, har kai." Tela, wanda shagonsa ke manne da nawa, ya miƙo wuya ta taga da allura a baki ya ce, "Mai Firji, ka sa mata Kwamiti. Tun da aka kawo ta ci take ta kwanta, in ta tashi ta yi haushi biyu ta koma." Na ce a'a, wannan kam ta hana ɓarawo sata, bai kamata a ɓata mata suna ba.

Ana cikin haka aka yi ruwa. Ku da ba ku san layinmu ba, in aka yi ruwa takalmi a hannu ake ratsa shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana mana alkawarin kwalta. Duk lokacin da ƙuri'a ta matso sai a zo da mutane masu hular kwano, a auna, a kafa turaku, a ɗaura musu jan ƙyalle. Wata shekara har tsakuwa aka juye mota guda a gefe. Tana nan, bishiya ta fito a kanta, yanzu a inuwarta muke zama. Da rana ta buɗe na fito na ga kwikwiyar nan ta miƙe a tsakiyar layi, baƙinta sai ƙyalli yake a kan jan taɓo. Na tsaya ina kallo, sai na ji bakina ya ce, "Kwalta!" Ta ɗago kai ta kaɗa wutsiya.

Layi ya ɗauka. Kowa sai ya ce, "Mai Firji, ka cika alkawarin da ya gagari manya." Tela ya yi dariya har ya ɗinke aljihun wani. In baƙo ya tambaya ko akwai kwalta a layinmu, sai a ce akwai, amma ta shiga bayan gida.

Dariyar ta ƙare ran Litinin. An liƙa jerin layukan da za a yi wa kwalta bana, Tela ya je ya duba daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, babu namu. Ya tambaya, aka ce masa, "Naku ai an gama." Ya dawo yana huci, aka taru a ƙarƙashin bishiyar tsakuwa. Kowa na faɗin tasa, sai Baba Direba ya yi gyaran murya.

Baba Direba dattijo ne da ya yi shekara arba'in yana jan babbar mota, ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya. Bencinsa yana bakin layi, inda kwaltar babban titi ta ɗan zubo mana taku goma kafin layin ya yi kwana. Ya ce, yana kallon ƙasa, sati uku da suka wuce wasu mutum biyu sun tsaya a gabansa cikin farar mota. Ba su sauko ba, gilashi kawai suka sauke rabi, ɗayan da littafi a cinya.

"Suka ce, Baba, akwai kwalta a layin nan? Na ce akwai, tana can ciki a shimfiɗe. Suka ce tana da kyau? Na ce sumul, sai sheƙi, kullum ana kula da ita. Suka ce babu ramuka? Na ce ramuka kam sai haƙuri, kullum sai ta yi sabo. Suka rubuta, suka ɗaga gilashi, suka tafi."

 Sannan duk idanu suka juyo kaina.

Tela ne ya fara. "Ka gani ko? Shekara goma sha ɗaya muna jira, ka zo da raharka ka kashe mu." Na ce ai kai ka fi kowa dariya. Ya ce, "Dariya daban, titi daban." Wata maƙwabciya ta ce 'yarta ta kusa haihuwa, kuma ba motar da ke yarda ta shigo layin nan da damina. Wannan kam gaskiya ce. Aka yanke cewa in sauya wa karya suna. Tela ya ce sauya suna bai isa ba, muddin tana layin wani zai sake kuskure, a mayar da ita inda ta fito. Hannuwa suka tashi. Ban taɓa ganin an yanke hukunci an kuma sa ranar zartarwa da sauri haka a ƙasar nan ba: Juma'a.

A gida Auta ba ta yi kuka ba, wanda ya fi kukan ciwo. Ta zauna a bakin ƙofar bayan gida, kan Kwalta a kan ƙafarta, ta ce, "Baba, ita ba ta ce wa kowa komai ba." Baba Direba kuma aka ce kwana biyu bai fito benci ba, abinci ma sai an matsa masa. Maiɗakina, wadda ba ta taɓa kiran karyar da sunanta ba, ta ajiye mini ruwan wanka yau da safe ta ce, "Baban Auta, kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Ka kai ta su gan ta da idonsu. Kuma kada ka dawo mini da igiya kaɗai."

Shi ne muka kama hanya.

A ƙofar ofis maigadi ya ce ba a shiga da dabba. Na ce shaida ce. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce babu dokar da ta hana shaida, amma ta sa hannu a littafin baƙi. Na sa mata. Ɗaki na huɗu suka ce ba su ba ne, ɗaki na tara. Ɗaki na tara a rufe, mai shi ya tafi taron ƙara wa juna sani a kan zaman ofis. Muka zauna a baranda awa uku. Kwalta ta yi barci, ba wanda ya lura da wani bambanci.

Bayan azahar aka shigar da mu wurin wani Yallabai mai kujera mai juyawa. Fankar ɗakinsa tana kuka, daga ji na san abin da ke damunta, amma na kame bakina. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan kwaltar layinmu. Karya ce."

Ya ajiye biro. "Wa kake kira maƙaryaci?"

"A'a, ranka ya daɗe, ba ƙarya ba, karya. Macen kare. Ga ta nan." Na ja igiya, Kwalta ta fito daga bayan ƙafata ta yi hamma.

Na kwashe labari kaf na faɗa masa, tun daga kaji har farar mota da Baba Direba da ya ƙi cin abinci. Na ce laifina ne, a hukunta ni, amma a mayar da layinmu cikin jeri. Yallabai ya saurara da nutsuwa irin ta manya, wato yana duba waya. Da na gama ya ce ofishinsu ba ya aiki da maganar bakin titi, da fayil yake aiki. Ya danna ƙararrawa.

Wata dattijuwa da ta ji labarin kaf daga bakin ƙofa ta shigo, tabarau a ƙarshen hanci, rungume da fayil ɗin layinmu. Jama'a, ban san muna da daraja haka ba, kaurinsa ya kai matashin kai. Ta hure ƙura, ta lashi yatsa, ta fara buɗawa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wata nawa karyar taka?"

"Shida, ko bakwai."

"To ka sake ta ta sha iska. An yi wa layinku kwalta shekara bakwai da suka wuce. Ga takardar kammalawa." Ta juya shafi. "An sake shimfiɗa sabuwa shekara uku da suka wuce, saboda ta farkon ta tsufa." Ta sake juyawa. "Fitilun kan titi suna aiki?"

Na ce waɗanne fitilu?

"Guda goma sha biyu," in ji ta, ba ko murmushi. "Bara aka sauya musu ƙwai."

Na nemi kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Ashe shekara bakwai muna tafiya a kan kwalta cikin hasken fitilu, rashin godiya ne ya hana mu gani. Na ce, to masu farar mota fa? Ta zaro takarda ta ƙarshe ta karanta: kwalta tana nan lafiya, sumul, sai dai mazauna sun koka da ramuka, a sa layin cikin jerin gyara.

"Ka ji," in ji Yallabai, ya juya kujera cike da jin daɗi. "Kuna jerin gyara, kuma shi ya fi saurin fitowa. Me kuma kake so?"

Na ce ba komai, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. A baranda dattijuwar ta biyo ni ta miƙo mini kwafin takardun nan huɗu a ninke. Ta ce, "Ka kai wa tsohon nan ya ci abinci." Sannan ta sunkuya ta dubi Kwalta ta ce, "Ke kaɗai ce a fayil ɗin nan na gani da idona."

Da yamma aka sake taruwa a ƙarƙashin bishiya. Na ba Tela takardun ya karanta da kansa, tunda shi ne mai murya. Ya fara da ƙarfi, ya kai kan fitilu ya sassauta murya. Baba Direba ya sa aka maimaita masa ta ƙarshe sau biyu a kunnen da ke ji, sannan ya ce, "Wato ni na sa mu a jeri?" Aka ce kai ne, Baba. Ya gyara zama ya aika a kawo masa abincinsa nan inda yake. Maƙwabciyar nan mai jiran jika ta ce ita dai ba ta ga titi ba tukuna, wani ya yi mata alkawarin kwana da motarsa a bakin layi har a sauka lafiya. Maganar Juma'a ba wanda ya sake tayar da ita. Auta ta karɓi igiyar daga hannuna ta wuce gida, kanta a sama.

Yanzu muna jiran masu cike ramuka. Mun duba, layin namu daga farko har ƙarshe rami ne, in suka cike su duka bisa gaskiya mun samu titi ta ƙofar baya.

Ina rufe shago Tela ya miƙo wuya ta taga. Ya ce shi dama tun farko sunan ya burge shi. Wai in Kwalta ta haihu in ajiye masa ɗaya, zai sa masa Famfo, ko Allah zai sa a tuna da mu a kawo ruwa.

Na ce ya fara zuwa a duba masa fayil. Wataƙila mun daɗe muna wanka da shi.